Littattafai sun tashi, gini ya tsaya: yadda tsohon laburaren Shikago ya koma cibiyar fasaha

A tsakiyar birnin Shikago na ƙasar Amurka, a bakin titin Michigan, daura da dandalin shaƙatawa na Millennium, akwai wani katafaren gini na dutse da ya cinye layi guda, daga titin Randolph zuwa titin Washington. Ba a yankar tikiti a ƙofarsa. Duk wanda ya ga dama shiga yake yi, ya kalli zane-zane da hotunan da aka baje, ya saurari makaɗa, ko ya sami kujera ya huta. Sunansa a yau Chicago Cultural Center, wato cibiyar al'adu ta birnin. Amma ba don wannan aka gina shi ba. A 1897 aka buɗe shi a matsayin babban laburaren Shikago, kuma sai a 1991 littattafai na ƙarshe suka bar cikinsa.

Masu son tsoffin gine-gine suna kawo wannan gini a matsayin misalin nasara, kuma suna da gaskiya. Sai dai idan aka ce "an ceto laburare", abubuwa biyu ne ake cakuɗawa. Akwai ginin, duwatsunsa da gilashinsa. Akwai kuma aikin da yake yi, wato ba wa talaka littafi da kujera da fitila ba tare da an tambaye shi ko sisi ba. Ana iya ceton na farko a yi asarar na biyu. Labarin Shikago ya nuna yadda hakan ke faruwa, ya kuma nuna yadda ake gyara shi.

Asalin laburaren gobara ce. A watan Oktoba na 1871 wuta ta cinye tsakiyar birnin, ta lashe gine-gine sama da 17,000, ta bar mutum kusan 100,000 ba matsuguni. Mutanen Ingila suka tausaya, aka yi gangamin tara littattafai a ƙarƙashin jagorancin Thomas Hughes, ɗan majalisa kuma marubuci, har Sarauniya Victoria ta ba da nata. Littattafai kimanin 8,000 aka aiko. Abin da ya fito fili a lokacin shi ne Shikago ba ta taɓa mallakar laburaren gwamnati na kyauta ba ko kafin gobarar. Kyautar ta zama dalilin da ya sa jihar Illinois ta yi doka a 1872 wadda ta ba garuruwa ikon karɓar haraji don gudanar da laburare. Ranar 1 ga Janairu, 1873 aka buɗe na Shikago, a cikin wani tsohon tankin ruwa na ƙarfe da ya tsira daga wutar. Shekara ashirin da huɗu laburaren ya yi yana yawo daga wannan gini zuwa wancan kafin ya sami gidan kansa.

Da aka tashi gina gidan, ba a yi rowa ba. Kamfanin Shepley, Rutan and Coolidge na birnin Boston ne ya zana shi, aka kashe kusan dala miliyan 2. Mutanen da suka ga gobara da idonsu ne suka gina shi, don haka kaurin bangonsa ƙafa uku ne, kuma aka kauce wa katako iya gwargwado, aka koma ga dutse da marmara da tagulla. Filin kansa akwai rigima a kai, domin ƙungiyar 'yan mazan jiya na yaƙin basasar Amurka, wadda ake kira Grand Army of the Republic, tana da haƙƙi a ɓangaren arewa. Aka sasanta da cewa gini ɗaya zai ɗauki gida biyu: laburare ta ƙofar kudu, zauren tunawa da sojoji ta ƙofar arewa. Shi ya sa ƙubba biyu gare shi. Ta kudu, aikin kamfanin Tiffany mai sana'ar gilashin ado, faɗinta ƙafa 38, an haɗa ta da ɓallin gilashi kimanin 30,000, kuma ita ce ƙubbar Tiffany mafi girma a duniya. Ta arewa, aikin Healy da Millet, faɗinta ƙafa 40. A jikin bangon zauren kudu an rubuta maganganun hikima a kan ilimi da harsuna daban-daban. Mutanen gari suka sa masa suna fadar talakawa.

To me ya sa gini irin wannan zai gaza?

Amsar tana cikin yadda ake karatu a laburare a wancan zamani. Mai karatu ba ya zuwa wurin kantocin littattafai. Zai duba sunan littafi a kundin rajista, ya rubuta lambarsa a 'yar takarda, ya miƙa wa ma'aikaci, ya jira a kawo masa, tamkar wanda ya miƙa takardar likita ta tagar ɗakin magani na asibiti. Wannan zaure mai ƙubbar Tiffany, wanda yanzu ake kira Zauren Preston Bradley, shi ne wurin da ake tsayawa a karɓi littafi. Su kuwa littattafan suna baya, a jere a kantocin ƙarfe masu hawa-hawa, cikin matsattsun lunguna da aka yi don ma'aikata kawai. Da ƙarni na 20 ya miƙa, tunani ya sauya: a bar mutum ya zaga tsakanin kantoci da kansa, ya ɗauko, ya duba, ya mayar. Wannan yana buƙatar shimfiɗaɗɗen fili mai faɗi. Yana kuma buƙatar daɓe mai ƙarfin gaske, domin littafi nauyi gare shi. Ƙa'idar gini a Amurka ta tanadi cewa benen da za a jera kantocin littattafai ya iya ɗaukar nauyi ninki uku na benen ofis. Tsohon ginin an raba shi gida biyu tun daga tushe, kyawawan zaure don mutane, ƙunƙuntattun ɗakuna don littattafai, kuma babu yadda za a haɗe su ba tare da an lalata abin da ya sa ginin ya yi suna ba. Ga littattafai na ƙaruwa kullum, ga buƙatar wayoyin lantarki da na'urar sanyaya ɗaki a cikin bangon da ba a huda shi da sauƙi.

Wannan bayani yana da muhimmanci, saboda sau da yawa idan aka ji laburare ya tashi daga tsohon gini, sai a ɗauka mutane ne suka daina karatu. A Shikago, kamar a garuruwa da yawa na Amurka, akasin haka ne. Masu karatu da littattafai ne suka fi ƙarfin ginin.

A ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970 maganar rushe shi ta yi ƙarfi. Fili ne a tsakiyar birni, kuma zamani ne da Amurka ke rusa tsoffin gine-gine ba ƙaƙƙautawa. An fara rushe tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania a New York a 1963, abin da ya tayar da hankalin jama'a har ya taimaka wajen kafa dokar kare wuraren tarihi ta 1966. A Shikago kanta, a 1972 aka rushe tsohon ginin kasuwar hannun jari wanda masu zanen gini Adler da Sullivan suka zana, inda mai ɗaukar hoto Richard Nickel ya rasa ransa lokacin da wani ɓangare ya rufta masa yana ƙoƙarin tsamo kayan adon ginin. Cikin wannan yanayi masu fafutuka suka tashi tsaye a kan laburaren. Abin da aka fi tunawa shi ne Eleanor Daley, uwargidan magajin gari Richard J. Daley, wadda ba ta cika tsoma baki a harkar gwamnati ba, ta fito ta nuna tana son a bar ginin. An sa shi cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa a 1972, birnin ma ya ba shi irin wannan kariya a 1976. Kamfanin Holabird and Root ya yi aikin gyara, aka fitar da tsoffin kantocin ƙarfe, aka mayar da gurabensu zaurukan baje koli, aka sake buɗe shi a 1977 da sunan cibiyar al'adu ta laburaren birni.

Yawancin masu ba da labarin a nan suke tsayawa. Amma ba nan gizo ke saƙa ba.

Littattafan fa? An bar wani kaso a cikin ginin, irin waɗanda aka fi yawan ara. Babban tarin kuwa, wanda ɗalibai da masu bincike ke dogara da shi, an kwashe shi tun tsakiyar shekarun 1970 zuwa wani tsohon ɗakin ajiyar kaya, ginin Mandel, a hayin kogi, da sunan zaman wucin gadi. Wucin gadin nan ya wuce shekara goma. Birni na biyu ko na uku mafi girma a Amurka ya zauna babu babban laburare na kirki, littattafansa a rarrabe, yayin da 'yan siyasa ke jayayya a kan inda za a kai su. An yi shirin mayar da tsohon kantin Goldblatt da ke titin State ya zama laburare, aka daɗe ana cece-kuce, daga baya aka fasa. Sai a zamanin Harold Washington, baƙar fata na farko da ya zama magajin garin Shikago, aka tsayar da shawarar gina sabo. Ya rasu a 1987 kafin a fara ginin, aka sa wa laburaren sunansa, aka buɗe shi a watan Oktoba na 1991, yana cikin manyan laburaren jama'a na duniya. A wannan shekarar ce tsohon ginin ya koma cibiyar al'adu zalla, a ƙarƙashin sashen al'adu na birni wanda Lois Weisberg ke shugabanta.

Yaron da ya shiga firamare lokacin da aka kwashe littattafan, ya gama sakandare kafin su sami gida. Wannan hasara ce ta gaske, kuma ba a ganinta a hoton ƙubba. A ganina, ba a 1977 aka cika alƙawarin da aka yi wa mutanen Shikago ba, a 1991 ne. Da ba a gina sabon laburaren ba, da abin da aka yi bai wuce ƙwace fadar talakawa daga hannun masu karatu a ba masu kallo ba. Duk garin da ke son kwaikwayon Shikago ya kamata ya juya tsarin: a fara sama wa littattafai inda za su, sannan a yi maganar wanda zai gaji ginin.

Ta fuskar ginin kansa, fasaha ta dace da shi fiye da kusan duk wani abu. Abubuwan da suka zame wa laburare cikas su ne mai zane da makaɗi ke nema: rufi mai tsawo, manyan tagogi, zaure mai faɗi ba ginshiƙai a tsakiya, matakalar marmara da ke sa mai hawa ya ji ya shigo wuri mai daraja. Tun 1977 aka fara kiɗan rana kyauta duk Laraba a ƙarƙashin ƙubbar Tiffany, don tunawa da Myra Hess, 'yar Birtaniyar da ta riƙa shirya wa mutanen Landan irin wannan kiɗa lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma an shafe shekaru da dama ana yi a wurin. A 2015 ginin ya zama hedikwatar baje kolin zanen gine-gine na Shikago karo na farko. Da ofisoshi aka mayar da shi, da dole a yayyanka zaurukan. Da otal ne, da sai mai kuɗi.

Duk da haka akwai wahalhalu. Hasken rana da mai karatu ke so, shi ke kashe launin zane da hoto, don haka sai an rufe wasu tagogi ko an tace hasken. Zane na son sanyi da laima su tsaya a ma'auni ɗaya dare da rana, tsohon bango kuwa ba a yi shi don haka ba. Ga dokar kare haƙƙin naƙasassu ta 1990, wadda ta wajabta wa gine-ginen jama'a samar da hanyar keken guragu. Kowane ɗayan waɗannan kuɗi ne. Ita kanta ƙubbar Tiffany tun shekarun 1930 aka rufe ta daga waje da siminti da tagulla, aka riƙa haska ta da fitilun lantarki, sai a 2008 aka cire murfin, aka wanke gilasan, hasken rana ya sake ratsa ta. Aikin ya ci kimanin dala miliyan 2, adadin da a lissafin lamba ya yi daidai da kuɗin da aka gina dukan ginin a 1897, ko da yake darajar dala ta sauya ƙwarai. Gyaran zauren 'yan mazan jiya da ƙubbarsa, wanda aka kammala a 2022, ya haura dala miliyan 15, kuma kyauta ce daga aljihun da ba na gwamnati ba.

Shikago babban birni ne mai masu hannu da shuni. A ƙananan garuruwa ne maganar ta fi tsanani, kuma a can ne aka fi yin irin wannan sauyi, saboda gadon Andrew Carnegie. Wannan attajirin ƙarfe, haifaffen Sikotland, ya ba da kuɗin gina laburare 2,509 a duniya tsakanin 1883 da 1929, daga ciki 1,689 laburaren jama'a ne a Amurka. Na Shikago ba ya cikinsu, birni ne ya gina abinsa. Carnegie gini kawai yake bayarwa, kuma da sharaɗi: gari ya ba da fili, ya buɗe wa kowa kyauta, ya kuma yi alƙawarin kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin duk shekara wajen tafiyar da shi. Sharaɗin nan na ƙarshe shi ne ƙashin bayan lamarin. Muddin ginin laburare ne, akwai harajin da ke riƙe da shi. Ranar da laburare ya koma sabon gini mai wurin ajiye motoci, harajin binsa yake yi. Tsohon ginin sai ya rage da rufi mai yoyo da ƙungiyar masu son fasaha da ke neman kuɗin wuta ta hanyar kuɗin koyon zane, hayar zaure don biki, da roƙon tallafi.

Garin New Albany a jihar Indiana ya sami mafita mai kyau. Ginin Carnegie na 1904 ya daina zama laburare a 1969, ya koma gidan adana kayan tarihi da fasaha a 1971, daga baya aka mayar da shi ƙarƙashin hukumar laburaren yankin a matsayin reshe. Wato littattafai sun tashi, amma uwar gijiyar ba ta sauya ba, kuma shiga kyauta ce.

Na Braddock a jihar Pennsylvania ya fi taɓa zuciya. Shi ne laburaren Carnegie na farko da aka buɗe a Amurka, a 1889, kusa da masana'antar ƙarfensa ta Edgar Thomson. Tun farko ba littattafai kaɗai ke ciki ba: akwai wurin wanka a ƙasa don leburorin masana'anta, sannan a 1893 aka ƙara zauren kiɗa, wurin ninƙaya da ɗakin motsa jiki. Da harkar ƙarfe ta ja baya, garin da ke da mutum sama da 20,000 a 1920 ya zube, yau bai kai 2,000 ba. Aka rufe laburaren a 1974, aka sa shi a layin rushewa. Wasu mutanen gari suka saye shi a kan dala 1 a 1978, suka buɗe ɗaki guda don yara a 1983, suka ci gaba da gyara ɗaki bayan ɗaki. Tsohon wurin wankan leburori yanzu ɗakin koyon ginin tukwane ne, littattafai kuma suna nan a sama. Braddock ya nuna cewa fasaha ba baƙuwa ba ce a gidan littattafai, kuma ba lallai sai ɗaya ta kori ɗaya ba.

Akwai kuma hanya ta uku, wadda doka kanta ke karkata mutane gare ta. Gwamnatin tarayyar Amurka na yafe harajin da ya kai kashi 20 cikin 100 na kuɗin gyaran ginin tarihi, amma ga ginin da ke kawo kuɗin shiga kawai. Ƙungiyar sa-kai da ba ta biyan haraji ba ta cin moriyar wannan kai tsaye sai ta shiga yarjejeniya mai sarƙaƙiya da masu zuba jari. Saboda haka ɗan kasuwa ya fi mai zane sauƙin ɗaukar tsohon gini. A birnin Washington, laburaren Carnegie na 1903, wanda ke karɓar baƙar fata da farar fata a zamanin da wariyar launin fata ke ci, ya daina aiki a 1972. Ya yi shekaru yana sauya hannu, har kamfanin Apple ya gyara shi ya buɗe kanti a ciki a 2019, tare da cibiyar tarihin birnin a wani ɓangare. Gyaran ya yi kyau, ba mai musu. A gaban ginin har yanzu akwai rubutun da aka sassaƙa a dutse cewa nan jami'ar jama'a ce. Amma wanda ya shiga yau, tsakanin tebura na wayoyin sayarwa yake wucewa, kuma ni ban ɗauki wannan daidai da abin da aka yi a Shikago ko New Albany ba.

Dalilina shi ne waɗanda ke shiga laburare. Ba masu bincike kaɗai ba ne. Akwai mai neman aiki da ba shi da kwamfuta a gida, akwai tsoho mai karanta jarida, akwai yarinyar da gidansu ya cika da hayaniya, akwai wanda ba shi da wurin kwana kuma sanyin Shikago na iya kashe shi a titi. Babu wanda ke tambayarsu me ya kawo su. Zauren baje kolin zane, ko da kyauta ne, yana iya sa irin waɗannan su ji ba wurinsu ba ne: mai gadi a ƙofa, farin bango, babu kujera. Don haka sunan "cibiyar al'umma" a allo ba ya wadatarwa. Abin dubawa shi ne ko akwai wurin zama, ko ana buɗewa bayan an tashi daga aiki, ko masu zanen unguwa na samun bango, ko kuwa kwanakin da ake rufe zaure don bikin masu kuɗi sun fi na jama'a yawa. Mu ma a gida mun san gini na iya sauya aiki ya ci gaba da rayuwa, ga Gidan Makama a Kano da ya zama gidan tarihi, ga gidan Sardauna a Kaduna da ya zama Arewa House. Bambancin kawai, waɗancan gidajen manya ne da aka buɗe wa jama'a, shi kuwa laburare tun asali na jama'a ne, don haka duk sauyin da aka yi masa yana iya zama ragi.

Shikago ta riƙe ƙofarta kyauta ne saboda birni bai saki ginin ba. Sashen al'adu ne ke tafiyar da shi, kuma kaso mai tsoka na kuɗin sashen daga harajin otal-otal yake fitowa, wato baƙin da suka kwana a birnin ne ke biyan kuɗin kallon da ɗan gari ke yi. Ana kuma ba da hayar Zauren Preston Bradley don ɗaurin aure da liyafa. Tsarin yana aiki, amma yana da rauni a fili: a 2020, da annobar korona ta hana tafiye-tafiye, otal-otal suka zama wayam, kasafin sashen ya faɗi warwas, a daidai lokacin da laburaren birnin, wanda ke dogara da harajin gidaje da filaye, bai ji girgizar da irin wannan ƙarfi ba. Ginin da aka kafa a kan dokar haraji ta 1872 yanzu cinsa da shansa sun rataya ne a kan yawan matafiyan da suka sauka a birnin, da kuma ko wani mai hali zai sake tasowa idan ƙubba ta nemi gyara.